Ƙafa Ta Kwanta, Zuciya Ba Ta Kwanta Ba

Kusan babu ikilisiyar da ba ta da irin wannan ɗan'uwa. Jiya shi ne mai kaɗa ganga a ƙungiyar mawaƙa, ko mai hawa tsani ya gyara kwanon majami'a idan damina ta gabato. Yau mota ta kife da su a hanyar dawowa daga kasuwa, ko babur ya kayar da shi, ko ramin haƙar kuza ya rufto masa, ko ya faɗo daga kan ɗorawa. An kai shi asibiti, an ɗauki hoto, likita ya ja 'yan'uwansa gefe ya ce laka ta taɓu. A watan fari ɗakin jinya ba ya rabuwa da baƙi: zumuntar mata da kwanukan abinci, matasa da waƙoƙi, dattawa da addu'a da ɗan abin da aka tara a baiko na musamman. Bayan wata shida ƙafa ta fara ɗaukewa. Bayan shekara biyu sai ka ji ana tambaya a ƙofar majami'a, "Wai shin wane yana nan kuwa?"

Yana nan, yana kwance a ɗaki. Mu masu ziyara, idan mun tuna mun je, ƙafafunsa muke kallo, muna jimamin yadda suka tsotse. Amma akwai wani abu da ke faruwa a cikin ƙirjinsa wanda ido ba ya gani, shi ne kuwa muke so mu tattauna da masu karatu a wannan mako, tare da wata dabara da likitocin Amurka da Turai suka ɗauki fiye da shekara arba'in suna gyarawa, watau motsa shanyayyun ƙafafu da wutar lantarki domin zuciya ta sami aikin yi.

Laka ita ce farar igiyar nan mai taushi da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta bi ta cikin ramin ƙashin baya. Duk wanda ya taɓa fasa ƙashin wuyan akuya ran Kirsimeti ya gan ta. A jikin mutum kaurinta bai wuce na ƙaramin yatsa ba, tsawonta kuwa wajen santimita 45. Ta cikinta umarni ke sauka daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi, ta cikinta kuma labarin zafi da sanyi da taɓawa ke hawa. Ƙashin da ke kare ta gaɓa-gaɓa ne, 7 a wuya, 12 a ƙirji, 5 a kwankwaso. Idan raunin ya faɗa a wuya, hannu da ƙafa duka sukan shanye. Idan ya faɗa ƙasa da nan, hannu yakan tsira. A shekarar 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 250,000 zuwa 500,000 ne ke samun wannan rauni kowace shekara, kuma haɗarin mutuwa da wuri a gare su ya ninka na sauran jama'a sau biyu zuwa biyar, abin ya fi muni a ƙasashe matalauta.

A dā ba a ma kai ga maganar zuciya, gama masu raunin ba sa daɗewa. Sojojin da harsashi ya taɓa wa laka a Yaƙin Duniya na Ɗaya, yawancinsu cikin makonni suka mutu, gyambon kwanciya da ciwon mafitsara da ƙoda suka gama da su. Wanda ya juya wannan labari wani likita ne Bayahude mai suna Ludwig Guttmann, wanda ya gudu daga Jamus a 1939 saboda tsanantawar Hitila. A 1944 gwamnatin Ingila ta ba shi sashe a asibitin Stoke Mandeville. Dokarsa mai tsanani ce: a juya majinyaci kowace awa biyu, dare da rana, a kula da fitsarinsa da tsabta, sa'an nan da zarar ya iya zama, ba shi ba lalaci, sai wasa da motsa jiki. Ran 29 ga Yuli 1948, ranar da aka buɗe wasannin Olamfik a Landan, ya jera mutum 16 a kan kekunansu suka yi gasar harbin kibiya a filin asibitin. Wannan ƙaramar gasa ce ta girma ta zama wasannin naƙasassu na duniya, waɗanda aka fara a Roma a 1960.

Da masu raunin suka fara yin shekara ashirin, talatin, arba'in bayan haɗarinsu, sai likitoci suka ga wani sabon abokin gaba. Ciwon zuciya da na jijiyoyin jini da ciwon suga suna kama su fiye da tsararrakinsu, kuma da wuri. A ƙasashe masu arziki ciwon zuciya yana cikin manyan abubuwan da ke kashe waɗanda suka daɗe da raunin laka. A wajenmu, gaskiya, gyambo da ciwon fitsari da na huhu ne har yanzu ke kan gaba. Amma duk ɗan'uwan da Allah ya ƙetarar da shi waɗannan, maganar zuciya tana jiransa a gaba.

Dalilin ba boyayye ba ne. Zuciya tana tura jini ƙasa zuwa ƙafa cikin sauƙi, dawowarsa sama ne aiki. Mahalicci ya ɗora wannan aiki a kan tsokokin sha-raɓa da cinya: duk takun da mutum ya yi, suna matse jijiyoyi kamar mai tatsar nono, jini ya hau. Idan tsokokin nan suka daina motsi, jini yakan taru a ƙafa, ƙafa ta kumbura, wani lokaci ya daskare ya zama gudaji mai haɗari, zuciya kuma ta riƙa samun jini kaɗan a kowane bugu. Gaɓar da ba a ba ta aiki sosai takan ragu. An auna zuciyar waɗanda rauninsu yake a wuya an tarar bangonta ya yi siriri. Masu bincike a ƙasar Holan sun tarar babbar jijiyar da ke kai jini cinya takan tsuke da wajen kashi ɗaya cikin huɗu a mako shida kacal bayan raunin.

Ban da wannan, tsokar cinya da ɗuwawu su ne babban rumbun da jiki ke zuba sugan da muka ci. Idan rumbun ya rushe, sugan ya rasa wurin zuwa, sai ya yi ta yawo cikin jini, kitse kuma ya maye gurbin nama. Mutum zai iya zama siriri a ido alhali cikinsa da hantarsa cike suke da kitse. Mu kuwa me muke kai masa idan mun je gaisuwa? Lemon kwalba, burodi, soyayyen nama, shinkafa mai maiƙo. Ƙauna ce, ba mu musa ba. Amma wanda ba ya noma, ba ya tafiya, bai kamata a ci gaba da ɗora masa tuwon manomi ba.

Akwai kuma maganar jijiyoyin da ke gaya wa zuciya ta ƙara sauri. Daga laka suke fita, a gaɓoɓin sama na ƙirji. Wanda rauninsa ya fi nan tsayi, kome ƙoƙarin da ya yi, bugun zuciyarsa da wuya ya wuce 120 ko 130 a minti. Mafi ban tsoro, irin wannan mutum zai iya samun ciwon zuciya bai ji zafin ƙirjin da ke sa sauran mutane gudu zuwa asibiti ba.

To, ina wutar lantarki ta shigo? Tun a 1791 wani masani a Bolonya ta ƙasar Italiya, Luigi Galvani, ya buga labarin yadda ƙafar mataccen kwaɗo ke zabura idan lantarki ya taɓa jijiyarta. Umarnin da ƙwaƙwalwa ke aikawa ga tsoka shi kansa ɗan ƙaramin lantarki ne. A yawancin masu raunin laka, hanya ce ta yanke a wuri ɗaya, kamar gada da ruwa ya cinye, amma jijiyoyin da suka tashi daga ƙasan raunin zuwa ƙafa suna nan da ransu, tsokar ma tana nan, jiran umarni kawai take yi. Shi ya sa ƙafar irin waɗannan 'yan'uwa takan zabura ko ta sandare da kanta. Sai masana suka ce, tun da saƙo ba ya ƙetarowa daga sama, bari a ba da shi daga waje, ta fata. Likitoci suna taƙaita sunan wannan dabara da haruffa uku, FES.

Wanda ya sa duniya ta waiwayo shi ne Jerrold Petrofsky na Jami'ar Wright State da ke Dayton a jihar Ohayo. Akwai wata ɗaliba a can, Nan Davis, wadda haɗarin mota ya shanye mata ƙafafu a 1978, a daren da ta gama makarantar sakandare. A 1982, da wayoyi manne a ƙafafunta da kwamfuta tana ba da umarni, ta yi 'yan taku. A 1983 ta taka da ƙafarta ta karɓi takardar digirinta. Jaridu suka yi ta shela cewa guragu sun kusa tashi. Ba haka ya zama ba. Tafiya da lantarki tana da wahala, tana cin ƙarfi, har yau keken guragu ya fi ta sauri da amfani a rayuwar yau da kullum. Abin da ya dawwama daga aikin nan shi ne wanda bai yi ƙara ba, watau keken motsa jiki na tsaye wuri ɗaya.

Ga yadda yake. Ana ɗaure ƙafafun mutum a kan feda, a na'urorin yanzu ma ba sai ya sauka daga kekensa ba. Ana manna masa 'yan faifan roba masu danƙo, galibi guda 12, biyu-biyu a gaban cinya, bayan cinya da ɗuwawu na kowace ƙafa. Kwamfuta ta san inda feda take a kowane lokaci, sai ta aika wa tsokar da ya kamata ta tura ɗan lantarki, tartsatsi 30 zuwa 50 a daƙiƙa, ta sake ta, ta kira ta gaba. Ƙafafun da suka yi shekaru ba su motsa ba sai ga su suna juya feda zagaye 35 zuwa 50 a minti. Naman mutumin ne ke yin aikin, shi ke ƙona suga, shi ke neman iska, shi ke matse jijiyoyi yana mayar da jini sama. Numfashi ya ƙaru, zuciya ta cika ta tura.

Kada a zaci abu ne mai sauƙi. A ranakun farko tsokar takan gaji cikin mintoci kaɗan, sai injin keken ya karɓa. Ƙwaƙwalwa idan tana sa tsoka aiki, kamar mai gayya ne mai hankali, yana sa wasu su yi noma wasu su huta, suna karɓeɓeniya. Na'ura ba ta da wannan wayo, mutanen da ta fara kira su take ta kira har su faɗi. Saboda haka ƙarfin da ake samu kaɗan ne, sau da yawa bai wuce wat 10 zuwa 20 ba, alhali lafiyayyen saurayi a kan keke yana ba da wat 100 bai ji komai ba. Sai an yi makonni da watanni, sau biyu ko uku a mako, kafin a kai rabin awa ko awa guda. Domin a ƙara wa zuciya kaya, sai aka haɗa biyu: ƙafafu suna juyawa da lantarki, hannuwa suna juya nasu da ikon kansu, ko kuma na'ura mai kwaikwayon tuƙin kwalekwale, ƙafa ta tura, hannu ya ja. Wannan haɗin ya fi kowannensu shi kaɗai sa mutum haki.

Da yawa cikin masu karatu za su tuna Christopher Reeve, wanda ya fito a fim ɗin Superman. Ran 27 ga Mayu 1995 doki ya kayar da shi a jihar Bajiniya, ya karye a can saman wuya, ko numfashi sai da inji. Ya yi shekaru yana hawa irin wannan keke, a shekarar 2000 kuma ya iya motsa yatsansa, abin da ya ba likitoci mamaki. Bai tashi ya yi tafiya ba. Ya rasu a 2004 yana da shekara 52, ana cikin yi masa maganin gyambon kwanciya zuciyarsa ta tsaya. Mun kawo wannan ne domin a ga cewa mai kuɗi da ma'aikatan jinya dare da rana ma gyambo bai ƙyale shi ba, balle ɗan'uwanmu da ke kan tabarma.

Me aka tabbatar game da amfanin keken? A 1991 likitoci a Mayami sun ba da rahoton cewa zuciyar wasu masu raunin wuya, wadda ta riga ta ragu, ta sake yin kauri bayan wata shida na wannan horo. Mutanen kaɗan ne, kamar yadda yake a yawancin binciken wannan fanni. A 2021 wasu masana suka tattara bincike fiye da 90 suka auna su. Hukuncinsu shi ne, shaidar cewa tsokar ƙafa tana komowa ta yi ƙarfi tabbatacciya ce, shaidar ƙaruwar ƙarfin zuciya da numfashi kuwa tana nan amma ba ta kai waccan nauyi ba. An kuma ga abin da kowane manomi ya sani game da gonar da aka bari: idan aka daina, cikin 'yan makonni ko watanni ribar takan zube. Keken ba ya ɗinke laka. Duk wanda ya zo muku da wata na'ura ya ce za ta ta da gurgu cikin wata uku, kuɗinku yake so.

A nan dole mu ja kunne da babbar murya. Lantarkin da muke magana a kai ɗan mitsitsi ne, ana auna shi da kashi dubu na amfiya, na'ura ce ke sarrafa shi. Ba shi da dangantaka da wutar soket ta gida, wadda har yanzu muke kira ta Nepa, ko batirin mota. Waɗannan kisa suke yi, wanda ba ya jin zafi a ƙafa kuma zai ƙone har ƙashi bai sani ba. Ko na'ura ta gaskiya ma ba ta kowa ba ce. Wanda rauninsa yake can ƙasa a kwankwaso, ƙafarsa ta yi laƙwas ba ta zabura, jijiyoyinsa na ƙafa sun mutu, na'urar da aka saba ba za ta motsa shi ba. Mai gyambo a wurin da za a manna faifan, mai gudajin jini a ƙafa, mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji, mace mai ciki, duk sai likita ya duba. Sa'an nan ga ƙashi. Ƙafar da ba ta ɗaukar nauyi, ƙashinta yakan zama kamar busasshen kara, musamman sama da ƙasan gwiwa, har juyi a gado yana iya karya shi. Wannan ne ya sa gabanmu ke faɗuwa idan muka ga an fizgo mai raunin laka daga kekensa a filin taron farkawa ana cewa ya taka. Muna gaskata Ubangiji yana warkarwa. Ba mu ga inda aka ce sai mun karya wa mutum cinya kafin ya yi ba. Kuma zama a keke, ko zuwa gashi, ba rashin bangaskiya ba ne.

Abu ɗaya kuma da kowane mai jinya ya kamata ya haddace, ko da na'ura ko babu. Wanda rauninsa yake a gaɓa ta shida ta ƙirji ko sama, idan wani abu ya dami jikinsa a ƙasan raunin, kamar robar fitsari ta toshe, ko bayan gida ya taru, ko takalmi ya matse, ko lantarkin nan kansa, jininsa yana iya hawa farat ɗaya. Alamarsa ciwon kai mai sara, fuska ta yi ja ko ta jiƙe da gumi, hanci ya toshe. Kada a kwantar da shi. A zaunar da shi tsaye ƙafafu a ƙasa, a kwance duk abin da ya matse shi, a duba robar fitsari nan take. Idan bai sauka ba cikin 'yan mintoci, asibiti, gama jijiya tana iya fashewa a ƙwaƙwalwa.

Mun san tambayar da ke bakin mai karatu: nawa ne? Keken irin wannan yakan haura dala dubu goma, faifan kuma suna ƙarewa a sake saye. A Zurik ta ƙasar Suwizalan har tseren irinsa aka yi a 2016, mu kuwa ba abu ne da za a tarar a kowane asibiti namu ba. Ƙananan na'urorin motsa tsoka ɗaya-ɗaya ana samunsu a sassan gashi na manyan asibitoci, don haka wanda yake kusa da asibitin koyarwa, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ya tambayi likitan gashi ko za su dace da shi. Asibitocin mishan namu da kwamitocin lafiya na ikilisiyoyi, idan suna rubuta wa abokan tarayya na ƙetare jerin bukatu, muna ganin keke guda ɗaya a sashen gashi zai yi wa mutum da yawa hidima a mako, in dai an horar da mai kula da shi tukuna.

Kafin wannan rana ta zo, zuciya ba ta tambaya ko ƙafa ce ta ba ta aiki ko hannu. A 2018 masana daga ƙasashe da dama suka fitar da ma'auni ga manya masu raunin laka: domin ƙarfin jiki, aƙalla minti 20 na motsi mai sa haki sau biyu a mako, tare da horar da tsokokin da ke aiki sau biyu a mako. Domin lafiyar zuciya da suga kuwa, minti 30 sau uku a mako. Wannan bai fi ƙarfinmu ba. Mai walda a unguwa zai iya kafa tsohon keke a kan teburi a riƙa juya fedarsa da hannu. Tsohuwar robar tayar keke, a ɗaure ta a ƙarfen taga, ta isa a ja. Keken guragu mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, irin wanda cibiyar Beautiful Gate a Jos ta daɗe tana ƙerawa tana rabawa, motsa jiki ne mai kyau. Sai dai a lura, yawancin masu hawansa shan inna ne ya taɓa su, suna jin zafi idan zama ya dame su. Mai raunin laka ba ya ji. Dole a sa masa matashi mai kyau, ya riƙa ɗaga jikinsa ko ya karkata kowane minti 15 zuwa 30, a duba ɗuwawunsa safe da yamma. A fara da kaɗan, a lallaɓa kafaɗa domin ita ce ƙafarsa yanzu. Da yake da yawansu ba sa gumi a ƙasan raunin, a zafin Maris da Afrilu sai da sassafe ko da la'asar sakaliya, da jiƙaƙƙen tawul a wuya. A riƙa auna masa jini da suga ko da bai yi kukan komai ba.

Mai wannan rauni ba zai iya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan shi kaɗai ba, matarsa kuwa ta riga ta gaji, ita ce mai juyi da wanka da neman abinci. A Bishara ta hannun Markus sura 2, shanyayyen da aka kawo wa Yesu a Kafarnahum mutum huɗu ne suka ɗauko shi. Ƙungiyar matasa mai mutum talatin za ta iya raba kwana uku a mako ba wanda ya ji nauyi: biyu su zo, su taimaka masa ya hau keke, su raka shi zuwa bakin titi su dawo, su riƙe agogo. Ran Lahadi kuma a kawo shi sujada, idan zai iya shiga. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga, wa'adin ya cika a farkon 2024. Da muke shirya wannan rubutu mun je mun ƙirga matakalan ƙofar majami'ar da muke sujada. Bakwai ne, ta gefe kuma huɗu, da kwata a gabanta.